Injin Gahawar Alhaji Mamman

Wata Laraba da hantsi ina zaune a rumfata ta bakin hanyar kasuwa a Funtuwa, ina fama da wata fanka mai taurin kai, sai ga wani saurayi ya tsayar da babur. A bayansa akwai wata dattijuwa, ta rungume wani abu a cikin zane kamar mai ɗauke da jariri. Suka yi sallama, muka gaisa, ta ɗora shi a kan teburina a hankali ta kwance zanen. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina gyaran kayan wuta, dutsen guga ne, hita ce, fanka ce, tukunyar dafa shinkafa ce, babu wanda bai bi ta hannuna ba, amma irin wannan ban taɓa gani ba. Dogo ne kamar fitilar ƙwai, gindinsa baƙar roba, tsakiyarsa gilashi, a kansa kuma wata 'yar hula mai raga.

"Malam Haruna, kai aka ce mu kawo wa," in ji dattijuwar. "Daga Ƙarfi muke. Injin suyar gahawar Alhaji ne, tun shekaranjiya ya ɗauke."

Ku samarin da kuke tsayawa a bakin rumfar nan kuna leƙen hannuna, ku nake ba wannan labari. Kullum sai wani a cikinku ya ce mini ai aikin ba shi da wuya, ya gani a waya an yi shi cikin minti uku. Gaskiya ne, kwance ƙusa huɗu da mayar da su ba ya cin minti uku. Amma ku zauna ku ji abin da ke tsakanin kwancewar da mayarwar.

Dattijuwar sunanta Hajiya Kulu, saurayin kuma ɗanta ne Kabiru, manomin masara. Mai gidan, Alhaji Mamman, tsohon direban motar auduga ne, daga baya ya yi wasu shekaru yana tuƙi a Jidda, a can ya koyi shan gahawa, a can kuma ya sayo injin. Shekara biyu kafin wannan rana hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tun daga nan komai yi masa ake yi. A tashe shi, a kwantar da shi, a yi masa alwala. Abu ɗaya ne ya rage yana yi da hannunsa. Kowace safiya a ajiye masa injin a kan 'yar kujera a gefen gadonsa, ya zuba 'ya'yan gahawa da hagu, ya danna makunni, ya kasa kunne har ya ji sun fara fashewa, ya kashe. Hajiya ta daka ta dafa da citta da kanumfari, tsofaffin abokansa biyu su shigo a sha, shi kuma yana gaya musu da karyayyen harshensa cewa shi ya soya.

"Tun da abin nan ya mutu ya juya fuskarsa bango," in ji ta. "Na soya masa a kasko, ya ce in kai wa maƙwabta. Ko kunu sai na yi da gaske yake kurɓa."

Abu na farko da nake yi da kowane kaya shi ne in naɗe wayarsa in sa filoginsa a gabana inda idona ke ganinsa. Wanda wuta ta taɓa jefarwa daga kan benci ba sai an tuna masa ba. Sannan na ɗauko sukundireba, na kifar da injin a kan tsumma, na kwance ƙusoshin gindi, ina jera su a murfin gwangwani yadda suka fito. Cikinsa babu wani tarkace mai yawa. Ƙaramar fanka a ƙasa, koyil a samanta, wato naɗaɗɗiyar waya mai yin zafi, iska ta bi ta cikin koyil ɗin ta ɗauki zafi ta hau ta riƙa juya gahawar, ɓawon kuma ya tashi ya taru a hular ragar nan. Na ɗauko mita na bi hanyar wuta gaɓa gaɓa. Waya lafiya, makunni lafiya, koyil lafiya. Da na zo kan wani ɗan abu da ke kwance kusa da koyil, cikin farar riga mai jure zafi, sai mita ta yi shiru.

Na zame rigar na nuna musu. Ɗan ƙarfe ne fari, bai kai tsawon gaɓar ɗan yatsa ba, da waya a kowane gefe. Shi muke kira fis ɗin zafi. Ba irin fis ɗin gida ba ne da kuka sani, wanda ke yankewa in wuta ta yi yawa. Wannan zafi yake ji. In cikin injin ya yi zafin da ya wuce ƙa'ida, wani abu ya narke a cikinsa, ya yanke wutar, shi ke nan ya mutu, ba ya dawowa.

Sai na kai hancina bakin ragar. Maigidana da ya koya mini aiki ya sha gaya mini cewa kafin a sayi mita Allah ya riga ya ba ni hanci. Ƙamshin gahawa na nan, amma a ƙarƙashinsa akwai wani ƙamshin da duk ɗan wannan yanki ya sani tun yana goye. Na sa tsinke na tono ragar, sai ga jan ɓawo ya dunƙule da maiƙo ya toshe ƙofofin kaf.

"Hajiya," na ce, "Alhaji ya fara shan gahawar gyaɗa ne?"

Ta kawar da kai tana gyara mayafi. Kabiru ya dube ta.

"Sau uku ne kacal," ta ce. "Jikoki ne suka zo, ga itace ya jiƙe, na ga abin yana suya tsaf ba ƙonawa. Don Allah kada maganar nan ta je kunnen Alhaji."

Muka yi dariya, har da ita. Na yi mata bayani cewa gyaɗa ta fi gahawa nauyi, iska ba ta iya juya ta, ga mai, ga ɓawo mai mannewa. Da raga ta toshe zafi ya rasa hanyar fita, sai ya taru a ciki, fis ya yanke. Injin bai lalace ba. Abin da aka sa fis ɗin ya yi, shi ya yi.

"To ai da sauƙi ke nan," in ji Kabiru. "Cire shi ka haɗa da waya, Malam, mu koma. Haka muke yi wa na gida, shekara nawa ba abin da ya faru."

Na ce masa ba na yi.

"Minti biyar fa."

"Ko minti ɗaya ne ba na yi."

Ya kalle ni kamar yana zaton ƙarin kuɗi nake nema, ni kuwa na ɗaga hannu na nuna masa wata ƙusa a jikin katakon rumfa, inda wata 'yar jar waya ke rataye. Ku ma kun sha ganinta, wasunku sun tambaye ni ko laya ce. Ba laya ba ce, ga labarinta.

A Malumfashi na koyi aiki, a wurin Malam Isiyaku mai rediyo, Allah ya jiƙansa. Shekara bakwai na yi a gabansa. Shekarar farko ban taɓa mita ba, aikina shara da ware ƙusoshi a gwangwanayen tumatir, manya daban, ƙanana daban, masu kan gicciye daban. A ta biyu ya yarda na riƙe ƙarfen dalma. Mutum ne marar yawan magana, in ka yi daidai ba zai yaba ba, in ka yi kuskure kuwa sai ya ajiye abin da yake yi ya zuba maka ido har ka gano da kanka. Duk ranar da aka kawo kaya fis ya yanke, ba ya barin a sa sabo sai an nemo dalili. Sai ya ce, "Wa ya kashe shi? Nemo mini shi tukuna." In ya kama ka kana murɗa waya a gurbin fis, ranar ba za ka ci abincin rana a shagonsa ba. A lokacin ina ganin tsufa ne ke damunsa, domin duk garin haka ake yi. Fis ɗin gida ya yanke, a zare silin waya ɗaya a naɗa, wuta ta dawo, kowa ya ci gaba da harkarsa.

Da ya sallame ni na dawo Funtuwa na kafa rumfata, hannuna na da sauri, jama'a suka yi ta zuwa, kaina ya fara girma. A shekara ta huɗu, cikin goman ƙarshe na azumi, wani tela mai suna Malam Lawal ya kawo mini dutsen gugarsa ranar Alhamis. Kun san tela a goman ƙarshe, ko gaisuwa a tsaye yake yi. Fis ɗin zafi ya yanke. Na duba, na ga ɗan ƙarfen da ke daidaita zafin dutsen ne ke mannewa, na goge shi da sanfefa ya saki, na ce shi ke nan. Ba ni da fis irinsa a rumfa. Ya ce in taimake shi, kayan mutane sun taru. Na yanko jar waya na haɗa, na ce bayan Salla ya dawo in sa masa na gaskiya.

Akwai wata ɗabi'a da muke da ita a ƙasar nan, babu gidan da ba a yi. In an ɗauke wuta ba ma kashe kaya. Barinsu muke yi a kunne, don in an kawo mu sani. Fanka ta motsa, ko rediyo ya yi magana, sai yara su yi ihu. Malam Lawal ma haka yake yi da dutsensa, yana barin shi a kunne don ya ga 'yar jar fitilar da ke jikinsa ta kama. Ranar Juma'a da safe aka ɗauke wuta. Dutsen na zaune a kan teburin guga, a kan bargo. Lokacin salla ya yi, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, duk layin aka tafi masallaci. Ana cikin huɗuba aka kawo wuta.

Kafin a sallame salla rufin shagon ya zube. Kekunan ɗinki biyu, da kayan Sallar gidaje ban san adadinsu ba, duk suka tafi. Allah ya taƙaita babu rai a ciki, maƙwabta kuma suka tare wutar kafin ta kama shago na gaba.

Kwana biyu bayan haka Malam Isiyaku ya shigo mota daga Malumfashi. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in kai shi wurin. Ya tona toka da sandarsa har ya samo gawar dutsen, robarsa ta narke, ƙarfen ya yi baƙi. Ya sa filaya ya zaro wayar da na haɗa, ya goge ta a gefen rigarsa, sai ga ta ja wur kamar yau na yanko ta. Ya miƙo mini.

"Riƙe aikinka," ya ce. "Duk shagon nan shi kaɗai ya tsira."

Wannan shekarar ban ji da daɗi ba. Magana ta zaga gari, har aka sa mini suna Haruna Gobara. Sai in wuni a rumfa babu wanda ya kawo ko tocila. Da damina ta faɗi na koma ƙwadago a gonakin masara, da kaka na yi tsinkar auduga da hannun da ya saba riƙe sukundireba, ranar kasuwar Musawa kuma in tafi can inda ba a san ni ba, in shimfiɗa buhu ina gyaran tocila da rediyo. Malam Lawal bai kai ni ƙara ko'ina ba. Ya ce ƙaddara ce, kuma shi ya matsa mini. Duk inda muka haɗu shi ke fara miƙo mini hannu, ni kuwa da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai da aka shekara aka fara dawowa da kaya ɗaya ɗaya, wanda ya fara kawowa kuma shi ne.

Ban ba Kabiru labarin duka ba a ranar, kaɗan na gutsura masa. Ya saurara don ladabi, amma na ga bai shige shi ba.

"Wancan dutsen guga ne, Malam. Wannan kuwa Baba na zaune a gabansa yake aiki."

Sai Hajiya ta ce, "Tsaya, Kabiru. Malam, in ka haɗa da wayar, me zai faru?"

"Zai yi aiki, Hajiya. Zai yi ta yi lafiya lau, wata da watanni. Ranar da ya kamata ya tsaya ne zai ƙi tsayawa." Sannan na tambaye ta, "In wani abu ya kama a ɗakin, Alhaji na iya tashi ya fita?"

Ta naɗe zanenta ta saɓa a kafaɗa, ta ce wa ɗanta su tafi, injin ya kwana a nan.

Neman fis ɗin ne ya zama aiki. Kowane fis na zafi da lambarsa a rubuce a jikinsa, ƙanana ƙwarai, sai na sa tabarau na fita rana sannan na karanta. Na injin nan ɗari biyu da sha shida ne. Na juye gwangwanin da nake tara na matattun kaya. Akwai na tukunyar shinkafa, lambarsa ta yi ƙasa, in na sa shi zai yanke tun gahawa ba ta yi ja ba. Akwai na dutsen guga, ɗari biyu da arba'in, ya yi sama, kafin ya ji zafi robar injin ta riga ta narke. Na rufe rumfa na tafi wurin Ɗanladi mai kayan wuta. Iyayensa daga kudu suka zo, amma a nan aka haife shi ranar Lahadi, sunan ya bi shi, Hausa kuwa sai dai ya koya wa wani. Ya zazzage akwatunansa kaf, babu.

"Haba Malam Haruna, ɗauki na dutsen guga mana. Ashirin da huɗu ne fa tsakani. Wa zai sani?"

"Injin zai sani."

"Kai dai ba ka canzawa," ya ce, yana dariya. Ya kira ɗan'uwansa a Kano, ya karanta masa lambar sau biyu, aka ce za a duba a ba direba.

Kwana biyar muka yi muna jira. Kullum Kabiru sai ya kira ni. Ran Asabar ya zo da kansa, ransa a ɓace, ya ce mahaifinsa ya rame, abokan ma sun daina shigowa don ba ya kula su, kuma akwai wani mai gyara a tasha da ya ce a kawo masa ya tayar da shi yanzu yanzu. Na ce masa injin nasu ne, ga shi nan, ba zan hana shi ɗauka ba. Ban ji daɗin jin halin da tsohon ke ciki ba ko kaɗan, na kuma san ni ne sanadin ƙarin kwanakin nan. Ya tsaya yana kallon injin, ya kira mahaifiyarsa a waya, na ji muryarta tana cewa ya bar shi inda ta ajiye shi. Ya hau babur ko sallama bai yi mini ba.

Ban zauna haka nan ba a kwanakin. Na jiƙa ragar a ruwan zafi da sabulu, na goge ta da tsohon buroshin haƙori har haske ya riƙa wucewa ta kowace ƙofa. Na cire fankar na share fukafukanta, na ɗiga mata mai ɗigo ɗaya. In ka sa sabon fis ba ka kawar da abin da ya kashe na farko ba, ka yi aikin banza.

Ran Litinin saƙo ya iso cikin ambulan, guda biyu. Na gwada su da mita kafin in taɓa komai, ɗaya ya amsa, ɗaya shiru, mushe aka aiko. Saura ɗaya ke nan a hannuna, babu damar kuskure. A nan ne masu koyo a waya suke faɗawa rami. Hannunka zai kai ga ƙarfen dalma, don da shi ka saba haɗa waya. To ka tuna abin nan zafi ne ke kashe shi, ƙarfen dalma kuma ya fi lambarsa zafi nesa ba kusa ba. Kana ɗora masa ka kashe shi tun bai fara aiki ba, ka rufe inji ka kunna ka ji shiru, ka ce an sayar maka da jabu. Ba a yi masa dalma. 'Yan ƙananan zobba na tagulla ake zura wayoyin ciki, a matse da filaya. Na matse gefe ɗaya, na ja da yatsa na ji ya kama, na matse ɗayan. Haɗin da bai matsu ba shi ma zafi yake yi da kansa. Na mayar masa da farar rigarsa, domin jikinsa na ɗauke da wuta, in ya taɓa ƙarfe wani labarin ne. Sannan na kwantar da shi daidai inda na tarar da tsohon, na maƙale shi da maƙalinsa. In ka matsar da shi nesa da koyil don kada ya sake yankewa, daidai yake da ka haɗa da waya.

Hajiya ta bar mini ɗan ƙullin gahawa don gwaji. Na zuba, na kunna. Fanka ta ɗauka, 'ya'yan suka fara rawa a cikin gilashi, daga kore suka koma ruwan ƙasa, can sai na ji suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙamshi ya cika layin har mai shayin da ke tsallake ya leƙo yana tambayar abin da nake dafawa. Da Kabiru ya zo ɗauka na gaya masa abu biyu, ban da gyaɗa, kuma in an ɗauke wuta a kashe makunni. Ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa tsoho. Ya ɗaga mataccen fis ɗin daga kan tebur ya jujjuya shi.

"Wannan ɗan abin ne ya hana Baba cin abinci kwana bakwai," ya ce, ya jefar da shi cikin gwangwani.

Bayan kamar wata biyu, lokacin ana tsakiyar karyar masara, sai ga shi ya dawo da injin a ɗaure a bayan babur. Tun kafin ya sauka ya fara magana. Gyaran da aka yi kwana biyar ana jira, ga shi ko wata uku bai yi ba ya sake mutuwa. Da an bar na tasha ya yi da yanzu ana nan ana shan gahawa. Mutane suka fara tsayawa. Ni dai na naɗe waya na ajiye filogi a gabana, na kifar da injin.

Tun kafin in kwance na ga robar da ke kewaye da koyil ta ɗan lanƙwashe, ta yi ƙyalli. A cikin gilashin akwai gahawa, ta ƙasa ta zama gawayi, ta sama kuwa ko launi ba ta sauya ba. Na shinshina ragar, babu gyaɗa, a buɗe take tas. Na juya fanka da yatsa, tana yawo lafiya. Mita ta ce fis ya yanke. To wa ya kashe shi?

"Yaushe ya mutu?" na tambaye shi.

"Jiya."

"Wa ke gida?"

"Ina gona tun asuba. Hajiya ta ajiye masa injin ta tafi suna a Dayi, ta ce ba za ta daɗe ba. Da ta dawo ta tarar ba ya yi."

"An ɗauke muku wuta jiya da safe?"

Ya ɗan yi tunani. "An ɗauke. Wajen hantsi, in ji maƙwabta."

"Da aka kawo, cikakkiya aka kawo, ko irin wadda ƙwan lantarki ke yin ja kamar garwashi?"

"Rabin wuta ce. Har da na dawo da yamma fankar ɗakina ba ta iya juyawa, sai gurnani take."

Na juyo da gilashin na nuna masa gahawar. Na ce masa ga abin da ya faru. Alhaji na cikin suya aka ɗauke wuta, ya bar makunni a kunne kamar yadda kowa ke yi. Aka kawo rabin wuta. Rabin wuta ba ta iya tayar da fanka, amma tana isar koyil ya yi zafi. Babu iska, gahawa na zaune wuri ɗaya a kan wuta, ɓawo busasshe a sama, roba a gefe.

Ya ciro waya ya kira mahaifiyarsa, ya ce ta kai wa Baba wayar, ya buɗe murya don in ji. Maganar tsohon na fita da ƙyar, sai ka kasa kunne. Ya ce da aka ɗauke wuta ya zame ya kwanta yana jira, barci ya ɗauke shi. Ƙauri ne ya tashe shi. Ya ga hayaƙi na fita ta hular injin, ga labule a kusa. Ya kwanta ne a kan hannunsa mai lafiya, ya yi ya yi ya juya ya kasa. Ya yi kira, babu kowa a gidan. Yana kallon jan da ke ƙasan gilashin yana ƙaruwa, ya fara salati. Can sai ya ga jan ya dushe da kansa.

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?" in ji Kabiru.

"Kada ku ɗauke mini injina," in ji tsohon.

Kabiru ya kashe wayar. Ya nemi benci ya zauna. Ni kuwa a lokacin ba ɗakin Alhaji kaɗai nake gani ba, har da shagon Malam Lawal. Na sa filaya na yanke fis ɗin na ajiye a kan tebur. Ya ɗauka ya riƙe a tafin hannunsa, wannan karon bai jefar ba.

"Akwai wani irinsa?" ya tambaya.

"Babu. Sai an sake aikawa Kano."

"A aika, Malam. Ko wata ne za mu jira."

Kwana tara aka yi kafin ya iso. Da na gama na kai injin Ƙarfi da kaina, na sa aka matsar da kujerar nesa da labule, na mayar da soket ɗin kusa da hannunsa na hagu inda ko a kwance zai kai, Hajiya kuma ta ce daga yau ba a suya sai da mutum a gidan. Alhaji ya yi ta gunaguni, amma ya yarda.

In kun zo rumfa gobe ku dubi ƙusar nan da kyau, yanzu abu biyu ne a jikinta. Jar wayar tana nan lafiyarta ƙalau, ko tsatsa ba ta yi ba. Na kusa da ita fis ne, ya mutu, ba zai sake amfani ba har abada. Alhaji Mamman kuwa ko jiya ya aiko mini da gahawa a filas, ya ce a gaya mini shi ya soya.